Anti Sabulu da Murfin Duro

Direba ne ya fara ba ni labarin nan, ƙanen kakarki, mai jan doguwar motar nan da ke zuwa can ƙarshen hanya inda kwalta ta ƙare. Shi ya kai yarinyar, shi ya dawo da ita. Sauran kuma daga bakinta na ji, a kan bencin shagona, ranar da ta zauna ina yanka kwano tana magana. Ke dai rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara mini baki.

Yarinyar auta ce a wurin mai ɗinkin nan da ke bayan shagonmu. Ubanta ya rasu tana goye. Tun tana ƙarama take zuwa tsintar guntayen kwano a ƙofata, in kore ta da safe, ta dawo da rana. Wata rana kwano ya yanke ta a ɗan yatsa. Maimakon ta yi kuka, sai ta tsaya tana kallon yadda nake ɗaure mata, har da ce mini ban wanke hannu ba. Shekararta shida lokacin. Da ta girma ta shiga kwalejin koyon aikin lafiya, ba wanda ya yi mamaki.

To, a ƙarshen shekara ta biyu, in dogon hutu ya zo, kwalejin kan tura kowa wani gari ya yi mako takwas yana koya wa yara tsafta. Ana ba su wani littafi mai koren bango. Duk mako shugaban makarantar da aka tura ka zai sa hannu, a shafin ƙarshe kuma ya rubuta yadda ka yi, ya buga hatimi. In ba shafin ƙarshen nan, shekararka ta tafi a banza. In kuwa aka rubuta ka cutar da yara, to ka kwashe kayanka, an gama da kai ke nan.

Auta aka tura ta inda ya fi ko'ina nisa. Kwana biyu a hanya. Motar ƙanen kakarki kaɗai ke shiga garin, ita ma ranar Asabar kawai take fitowa.

Makarantar aji huɗu ce da ofis, ana karatun hutu, ana ba yara abincin rana, shi ya sa suke cika. An sauke ta wurin mai dafa abincin, wata dattijuwa da kowa ke ce wa Inna. Ɗaki ɗaya gare ta, da gadon ƙarfe, da akwati, da rediyon da sai an mare shi yake magana. Ranar farko ta bar wa Auta gadon ta shimfiɗa tabarma.

Auta ta ce, "Haba Inna, da wannan gwiwar taki?"

Inna ta ce, "Gwiwar tawa ce ko taki? Hau ki kwanta, 'yar birni, kar ki karye mana a ƙasa."

Aikin Inna biyu ne: ta dafa abinci, ta kuma cika duron ruwan sha da ke bakin kicin. Kullum da asuba takan ɗora jarka huɗu a baro ta tafi. Sau nawa Auta ta ce za ta raka ta, sai ta ce, "Baƙo ba ya ɗiban ruwa a gidana. Koma ki kwanta." Duron nan a buɗe yake, da kofi ɗaya ɗaure da igiya, kowane yaro ya zura hannu ya ɗiba. Tun mako na uku Auta ta ce wa Inna akwai wani tsoho a garinsu da ke yi wa duro murfi da famfo, in da za a auna mata faɗin bakin. Inna ta yi dariya ta ce duron ya girmi Auta bai taɓa sa hula ba.

Mako bakwai komai lafiya. Ta koya musu yanke farce, da goge baki, da wanke hannu har tsakanin yatsu. Yara suka sa mata Anti Sabulu. Har wani uba ya zo ƙara, wai 'yarsa ta hana shi sa hannu a kwano sai ya nuna mata tafinsa gaba da baya. Shugaban makaranta ya sa hannu sau bakwai ba tare da ya karanta ba.

Saura darasi ɗaya, wanda ta ajiye don makon ƙarshe. A kwaleji an koya musu a shafa wa yara kaɗan garin ƙyalƙyali a hannu da safe, a bar su su yi harkarsu, da rana a bi a ga inda ƙyallin ya kai. Haka yaro zai gane yadda cuta ke yawo daga hannu zuwa hannu. Sai ga shi rufin ɗakin Inna ya yi yoyo, garin ya jiƙe ya dunƙule. Ranar Litinin da safe Auta ta buɗe akwatin magani na makaranta, ta ga kwalbar maganin nan mai kama da tawada da ake shafa wa gyambo. Ta ce wannan ma zai yi. Ta ɗiga wa yara biyar a tafin hannu.

Ya kuwa yi, har ya wuce. Kafin azahar tawada ta hau mariƙin ƙofa, ta hau alli, ta hau kumatun 'yan aji ɗaya, ta hau hannun farar rigar shugaban makaranta. Kofin duro ya yi shuɗi, ruwan ma ya ɗan sauya kala. Auta ta tara su tana murna, ta ce, "Kun gani? To yanzu kowa ya ɗauki sabulu, mu kore ta."

Suka cuɗa, suka cuɗa. Tawada ta ce tana nan.

Wata 'yar aji uku ta ɗaga hannuwanta shuɗaye ta ce, "Anti, ashe cutar ta fi ƙarfin sabulu."

Yara suka kwashe da dariya. Auta ma ta yi, amma ta ga yara tamanin za su shiga gari da shuɗin hannu da shuɗin leɓe.

Ranar Laraba yara goma sha ɗaya ba su zo ba. Gudawa da amai. Kafin la'asar sun zama goma sha bakwai, an kwantar da huɗu a ƙaramin asibitin garin. Ba sai an tambayi kowa ba, gari duk ya san dalili: baƙuwar nan ta zuba wani abu a ruwan yara. Ga shaida a hannunsu, ta ƙi fita.

Shugaban makaranta ya kira ta ofis. Littafinta mai koren bango na kan tebur. Yana kallonta ya ɗauke shi, ya sa a aljihun tebur, ya murza makulli.

Ya ce, "Ranar Juma'a da yamma iyaye za su taru. Abin da aka tsayar a nan shi zan rubuta."

"Malam, motar Asabar..."

"Ni ma na san ranar mota. Je ki."

Daga nan asibiti ta nufa. Mata a bakin ƙofa suka janye yaransu da ta zo wucewa. Malamin asibitin wani siriri ne marar yawan magana. Yana ɗaura wa wani yaro ruwa ya ce mata, ba tare da ya juyo ba, "Ɗigo nawa kika sa?"

"Biyar. Ɗaya ɗaya."

"Ɗigo biyar ba ya kwantar da yara goma sha bakwai. Amma ni na sani, ke kin sani, su kuwa kala suka gani. In ba ki da wani abin nuna musu, kalar za su bi. Ni ma ina son in san me yaran nan suka sha."

Ta roƙe shi ya bar ta ta taimaka da haɗa ruwan gishiri da sukari. Tana yi tana tambayar uwaye a hankali, waɗanda suka yarda su amsa. Cikin biyar ɗin da ta shafa wa, ɗaya ne kawai ya kwanta. Wata uwa kuma ta ce ai nata tun Asabar cikinsa ke murɗawa. Asabar, kwana biyu kafin a buɗe kwalbar. Auta ta ji wani sanyi ya ratsa ta, sai kuma tsoro ya biyo baya. In ba tawada ba ce, to abin yana nan, kuma gobe ma yara za su sha.

Da asubar Alhamis ta ji Inna ta tashi, ta ji ƙarar baro. Ta ƙirga ashirin, ta sa takalmi ta bi ta. Famfon burtsatsen garin yana kan tudu, hanyar dama. Inna ta kai mararraba, ta tsaya ta duba hagu da dama, sai ta karya hagu, gangare.

A can ƙasa akwai ramin da masu bulo suka haƙa, ruwan sama ya cika shi. Sawun shanu ko'ina a bakin. Bayan ramin kuma ciyayi ne, inda masu bulon ke zagawa. Inna ta ɗaura tsumma a bakin jarka, tana kamfato ruwa da kwano tana tacewa. Ta cika ɗaya, ta jefa ɗan alam a ciki don ya kwanta.

"Inna."

Kwanon ya faɗi cikin ruwa. Inna ba ta juyo da wuri ba.

"Ba na ce ki kwanta ba?"

"Tun yaushe, Inna?"

"Ai na tace. Dubi, fari tas. Ke da kanki kin sha ba ki gane ba."

"Tun yaushe?"

Inna ta zauna a kan jarkar, ta miƙe ƙafar. Gwiwar ta kumbura kamar an cusa ƙwallo. Ta ce kwana goma ke nan. Tudun nan ta daina iya hawansa da baro, ranar ƙarshe da ta gwada sai da baron ya dawo da ita baya. In shugaban makaranta ya ji, aikin duka zai karɓe ya ba mai ƙarfi, dama akwai masu jira. Shekara goma sha ɗaya tana cika duron nan. Ba ta da ɗa, ba ta da gona.

Ta kama hannun Auta ta ce, "'Yata, ki rufa mini asiri. Ke yarinya ce, in kin ce kuskure kika yi da tawadarki, za su yi faɗa su huce. Kwana biyu ya rage miki ki tafi. Ni a nan za a binne ni."

Inna ba ta san abin da ke shafin ƙarshe ba. Auta ta buɗe baki za ta gaya mata, ta kasa. Sai ta ɗaga Inna, ta kifar da jarkar, ta kama baro. Sawu uku ta yi zuwa kan tudu kafin rana ta fito sosai, tafin hannunta ya yi bororo. Suka zubar da ruwan duro, suka wanke shi da sabulu da ruwan zafi.

Duk yinin ranar tana aji amma hankalinta ba ya nan. Ta ce mini, "Baba, har na shirya yadda zan yi. Ruwa ya gyaru, yara sun tsira. Na ce in yi shiru in karɓi laifin, wataƙila shugaban ya tausaya ya rubuta abu mai sauƙi. Wata biyu matar nan tana kwana a ƙasa saboda ni." Tana cikin wannan tunani ta hango Inna ta taga, ta ɗauko tukunya daga murhu tana jan ƙafa, ta huta sau biyu kafin ta kai baranda. A nan ta gane. Ranar Asabar ita za ta hau mota. Ranar Litinin gwiwar tana nan, tudun yana nan, ramin ma yana nan.

Da aka tashi ta same ta a kicin tana kankare tukunya.

"Inna, gobe ki faɗa da bakinki. Zan tsaya kusa da ke. In ba ki faɗa ba, ni zan faɗa."

Inna ta ci gaba da kankara. Can ta ce, "Abincinki na cikin ɗaki, na rufe miki." Ranar ba su ci a kwano ɗaya ba.

Juma'a da la'asar aka taru a aji huɗu. Manyan mutane a kan bencin yara, gwiwoyinsu na dukan tebur. Waɗanda ba su sami wuri ba suka cika tagogi. Shugaban makaranta yana gaba, da rigar nan da har yanzu hannunta ke da tabo, littafin a gabansa. Malamin asibiti ya jingina da allo. Inna tana bakin ƙofa, a tsaye.

Wani mahauci, wanda 'yarsa ta fi kowa jin jiki, bai jira a ba shi dama ba.

"Mu ba dogon turanci muka zo ji ba. Me kika zuba wa 'ya'yanmu?"

Auta ta miƙe. Ta ce tawadar kuskurenta ce, ba ta tambayi kowa ba, ba ta san ba ta fita da sabulu ba, tana neman gafara. Ta ce amma ba ita ta kwantar da yaran ba. Ta faɗi maganar yara biyar, ta faɗi maganar yaron da ya fara tun Asabar.

Shugaban makaranta ya ce, "To mene ne?"

"Duron a buɗe yake, Malam. Kowa na zura hannu. Tawadar ma ta nuna haka."

"Shekara nawa yana buɗe? Me ya sa sai makon nan?"

Auta ta dubi ƙofa. Inna na kallon ƙasa, tana murza bakin zanenta. Auta ta jira. Ta ce ta ƙirga numfashinta har goma. Shugaban ya cire murfin biro.

Sai ta faɗa. Ramin bulo, kwana goma, tsumma da alam.

Wuri ya kaure. Wasu suka juya kan Inna, wasu kan Auta. Wata mata daga taga ta ce, "Kai, 'yar nan ba ta da kunya! Wata biyu kina cin tukunyarta!" Mahaucin ya yi kan ƙofa, mutum biyu suka riƙe shi. Auta ba ta san lokacin da ta ɗaga murya ba, ita da ko a aji sai an kasa kunne.

"Baba, kafin ka taɓa ta, ka duba gwiwarta! Jarka huɗu, sawu uku, kullum, shekara goma sha ɗaya. Jiya na tura baron nan, ga hannuna. A cikinku wa ya taɓa tambayar yadda ruwan ke zuwa?"

Malamin asibiti ya ce a je a gani. Aka ɗunguma zuwa ramin. Sawun tayar baro na nan a laka, layi a kan layi. Malamin asibitin ya tsuguna ya duba, ya duba ciyayin da ke baya, ya miƙe ya ce, "Ga abin da suka sha." Da aka waiwaya neman Inna, ta tafi.

Nan take shugaban makaranta ya ce an dakatar da Inna, ruwa da girki duka, sai an ga abin da hali ya yi. Game da littafi bai ce komai ba. Ya sa shi a hammata ya wuce gida.

Asabar da safe Auta ta haɗa jakarta. Inna na kwance a tabarma, fuska ga bango. Auta ta durƙusa ta ce, "Inna, zan tafi. Ki yafe ni." Ko motsi. Ta fita wanke fuska, ta dawo ta ɗauki jaka, Inna na nan yadda take.

A tasha ƙanen kakarki ya ta da mota, fasinja sun cika, suna ta mita. Auta na tsaye a ƙasa, ƙafa ɗaya a kan matakala, ido a hanyar makaranta. In ta hau ba littafi, shekara ta tafi. In ta tsaya, sai wata Asabar, kwaleji kuwa Laraba za a rufe karɓar littafi. Direba ya buɗe gaban mota yana taɓa wannan yana taɓa wancan, wai injin na wani ƙara. Ƙarya yake, da bakinsa ya gaya mini. Wani fasinja ya ce, "Direba, in auren yarinyar za ka yi ka faɗa mana mu sauka." Sai da ya ci kusan rabin awa, sannan ga shugaban makaranta a kan keke, ba ya ko sauri.

Ya ɗora littafin a kan murfin mota, ya rubuta, ya hura wa hatimi iska ya buga. Auta ba ta buɗe ba sai da suka bar gari. Layi biyu ne: ta yi aikinta da gaskiya, amma a gaya mata ta riƙa tambaya kafin ta buɗe kwalba. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Da ta zo mayar da littafin cikin jaka, sai hannunta ya taɓa wani abu a aljihun gefe. Zare ne na buhu, an naɗe shi, da ƙulli biyu, ɗaya a kowane gefe. Ba ita ta sa ba. Ta daɗe tana juya shi kafin ta gane: faɗin bakin duro ne.

Zaren nan ta kawo mini. Ta ce, "Baba, ban sani ba ko yafewa ce, ko kuwa cewa take in cika abin da na faɗa in rabu da ita." Na ce ni awo na iya karantawa, shi kuwa awon daidai yake. Na yanka murfi da kwano mai kauri, na naɗe bakin don kar ya yanki yaro, na sa mariƙi da wurin kwaɗo. Na haɗa da famfon tagulla da roba biyu, har da ƙarfen huda duron.

Ƙanen kakarki ya ce a ba shi, Asabar mai zuwa ya sauke a ƙofar makaranta. Auta ta ce a'a. Ita za ta kai da hannunta, ta tsaya a gaban Inna, ko za a rufe mata ƙofa a rufe. Sai jarrabawa ta zo. Tana gamawa aka tura ta wani asibiti a can wani gefen ƙasar, inda hutun kwana huɗu a jere ke da wuya, tafiyar kuwa ko daga nan kwana biyu ce zuwa, biyu dawowa.

Direba ya ce yaran duk sun warke. An mayar wa Inna girki, ruwa kuma iyaye ke ɗiba bi da bi, mahaucin nan ne ma ke da Talata. Duron an ɗora masa wani katako. Ya ce duk ranar da ya shiga garin, Inna kan fito bakin hanya ta dubi masu sauka, ba ta tambayar kowa komai, ta koma.

Wata bakwai ke nan. Murfin na nan ƙarƙashin bencina, na naɗe shi da buhu, zaren na ɗaure a mariƙin. Shekaranjiya na fito da shi na shafa wa famfon mai don kar ya cije. Uwar Auta ta ce wai yarinyar ta nemi hutu a ƙarshen wata. Sa aya a nan, ki je ki tambayo mini ko an ba ta.